Idon jaririn ƙanwata ya yi ɗorawa, Goggo ta ce a bari sai bayan suna

Maman Walid, Pantami:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Don Allah masu sani ku taimaka min, hankalina ba a kwance yake ba. Ƙanwata ta sauka ranar Talata da asuba, namiji, haihuwar fari, a gida ta haihu. Yau Juma'a da na je na ɗauke shi na fito da shi bakin ƙofa, sai na ga farin idonsa ya koma ruwan ɗorawa, fuskar ma haka. Na yi wa Goggonmu magana, ita ta zo daga ƙauye don wankan jego, ta ce shawara ce ta jarirai, kowane yaro yana yi, a riƙa shanya shi a hantsi ana ɗiga masa ruwan gulukos. Ta ce ba a fita da jariri kafin suna. Suna kuma sai Talata. Mu jira ko kuwa?

Maman Husna, ma'aikaciyar jinya:
Wa alaikumus salam Adda. Kafin komai amsa min waɗannan. Yaushe aka fara gani? Ki fita da shi inda hasken rana yake, ba hasken ƙwan lantarki ba, ki danna goshinsa da yatsa ki ɗaga, sannan ƙirji, ciki, cinya, har tafin hannu da tafin ƙafa. A ina launin ya tsaya? Ki duba dasashinsa ma. Yana kama nono da ƙarfi? Sau nawa ya jiƙa ƙunzugu daga jiya zuwa yau? Kuma kayansa, akwai kafur a akwatin da aka ajiye su?

Maman Walid, Pantami:
Na duba yanzu. Ya sauko har cinya, tafin hannun ma kamar ya fara. Goggo ta ce tun jiya ta lura. Kafur kam akwai, tun cikin yana wata bakwai aka jera kayan da shi saboda kyankyasai. Maganar nono kuwa, sai da na ja mai jegon gefe na matsa mata sannan ta sunkuyar da kai ta ce tun daren jiya bai sha na kirki ba, yana kamawa sai ya saki ya koma barci. Kunya ta hana ta faɗa, wai kar a ce ta damu da ɗan fari. Mutanen gida kuma sai yabonsa suke, wai yaro mai haƙuri, ba ya kuka.

Maman Husna, ma'aikaciyar jinya:
Adda, ku ɗauke shi yanzu, ba gobe ba, ba bayan la'asar ba. Ku je Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe ko Asibitin Ƙwararru na jiha, inda akwai sashen jarirai, ku ce a auna jininsa. Wannan barcin ba haƙuri ba ne. Ku cire masa kayan da suka kwana da kafur, ku naɗe shi a zanin da bai taɓa shiga akwatin ba. A hanya uwar ta ci gaba da gwada ba shi nono, in ya kasa tsotsa ta tatsa a kofi mai tsabta a ba shi da cokali kaɗan kaɗan. Ban da gulukos.

Ga abin da ke faruwa a jikinsa. Jariri yana zuwa duniya da jajayen ƙwayoyin jini masu yawa, a kwanakin farko wasu suna fashewa, su saki wani sinadari mai launin ɗorawa da ake kira bilirubin. Hanta ce ke tace shi ya fita ta kashi, amma hantar jariri ba ta gama ƙwari ba. Shi ya sa jarirai da yawa suke ɗan yin shawara a kwana na biyu ko na uku, ta washe da kanta cikin mako biyu. Matsalar ita ce idan sinadarin ya yi yawa, yana tsallakawa cikin ƙwaƙwalwa, kuma ɓarnar da ya yi a can ba ta gyaruwa. Shawarar da ta fito a ranar farko, ko ta kai tafin hannu da ƙafa, ko ta haɗu da ƙin shan nono, ba ta gida ba ce.

Kafur kuma na tambaya ne saboda akwai wani rashi da ake gado a jini, G6PD ake ce masa, ya fi yawa a yara maza, kuma muna da shi sosai a Najeriya. Yaron da ke da shi, ƙamshin kafur kaɗai ko man zafi ko lalle zai iya fasa masa ƙwayoyin jini da yawa a lokaci ɗaya.

Ummu Yasir, Kumo:
Innalillahi. Allah ya ba shi lafiya. Ku hanzarta Adda.

Hajiya Inna, Dukku:
Ƴaƴana, ku yi haƙuri in sa baki. Ni na haifi tara, na yi wa jikoki wanka ban san adadi ba. Shawara ba yau aka fara ta ba. Da hantsi muke magance ta, kuma ga su nan sun girma sun yi aure. Yanzu abu kaɗan sai a ce asibiti, a fita da ɗanyen jariri cikin iska da ƙura, uwa da ɗanyen jiki a kan Keke Napep. Ita Goggon nan da kuke gani ta baro gidanta da gonarta ta zo hidima, ba ƙin yaron take ba.

Maman Husna, ma'aikaciyar jinya:
Inna, Allah ya ƙara girma. Babu mai cewa Goggo ba ta son yaron, kuma abin da kika gani da idonki gaskiya ne. Yawancin shawarar jarirai mai sauƙi ce, ko an shanya ko ba a shanya ba za ta tafi. Amma ido ba ya iya raba mai sauƙin da mai haɗarin, musamman a fatarmu, sai awon jini. Kuma maganarki ta rana tana da tushe, haske yana narkar da sinadarin. An ma yi bincike a Legas, aka wallafa a 2015, inda aka sa jarirai ƙarƙashin rumfa mai wata leda ta musamman da ke tace zafin rana da haskenta mai ƙuna, ma'aikata na auna zafin jikinsu a kai a kai, kuma ya yi aiki ga masu matsakaiciyar shawara. Wannan daban da shimfiɗa yaro a tsakar gida a ranar Gombe. Mintunan da zai iya jurewa ba za su isa su rage komai ba, in aka daɗe kuma ya ƙone ko ruwan jikinsa ya ƙafe. A asibiti shuɗin haske ne, dare da rana, idonsa a rufe.

Maman Nana, Misau:
Ban cika magana a nan ba amma wannan ba zan iya shiru ba. Ɗana na biyu haka ya fara. A kwana na biyar kukansa ya canja, ya zama siriri mai tsini, irin wanda ban taɓa ji ba. Sai ya riƙa banƙarewa, ƙeyarsa na komawa baya, hannayensa a dunƙule. Aka ce iska ce, aka yi hayaƙi, aka yi tofi. Da muka isa asibiti sai da aka canja masa jini. Ya rayu, alhamdulillahi, yanzu shekararsa shida. Ba ya ji, ba ya tafiya, ni nake ɗaukarsa in kai shi banɗaki. Ina sonsa fiye da yadda zan iya faɗa. Amma Adda, don girman Allah kar ku kwana da yaron nan a gida.

Hajiya Inna, Dukku:
Allah sarki ƴata. Allah ya ba ki ladan jinya, ya sa shi ne sanadin aljannarki.

Baban Sadiq, Bolari:
Ni tambayata ɗaya, ina uban yaron? Duk maganar nan tsakanin mata ake yi, alhali in ya ce a tafi, Goggo ba za ta tare ƙofa ba. Mu maza muna da laifi a nan. An haihu, hankalinmu ya tafi kan rago da shinkafa da kujerun haya, ɗan da ake yi wa hidimar ba mu ɗaga shi mun kalle shi a haske ba, wai kunyar surukai. Maman Walid, ki kira shi kai tsaye. In kuɗi ne matsala, a taɓa na ragon, ai ana iya yanka daga baya.

Malama Ummu Hafsa, Tudun Wada:
Haka ne Baban Sadiq. Kuma a kwantar wa Goggo da hankali, babu inda addini ya hana fita da jariri neman magani kafin kwana bakwai, al'ada ce. Raɗa suna ba ya buƙatar a kawo jaririn gaban jama'a, ana iya yi yana gadon asibiti. In an jinkirta yankan ma malamai sun yi magana a kan halaccinsa. Adda, kar ki ce mata ta yi kuskure a gaban mutane. Ki ce mata ita za ta riƙe shi a mota, don ita ce babba.

Maman Walid, Pantami:
Mun iso tun ɗazu, yanzu na samu zama. Na kira mijin, ya zo da motar abokinsa, Goggo ce ta rungumo shi har nan. An ɗebi jini, likita ya ce ya hau sosai amma mun zo kafin ya kai na canjin jini. Yana cikin fitila yanzu, tsirara sai ƙunzugu, an rufe masa ido da wani ɗan ƙyalle. Uwar tana tatsa ana ba shi. Sun kuma ce cibiyarsa ta fara ja tana wari, za su sa masa allurai. Na gode, na gode, Allah ya saka da alheri.

Ummu Yasir, Kumo:
Alhamdulillahi! Amma cibiyar fa, me ake sa mata a gidan?

Maman Walid, Pantami:
Gashi ake yi safe da yamma, a ɗora tsumma a kan murfin tukunya mai zafi a danna. Wata maƙwabciya kuma ta ce a shafa makilin don ta yi saurin faɗuwa kafin suna, an shafa sau biyu.

Sista Maman Amir, ungozoma a Azare:
Wannan gaggawar ta cibiya ta faɗi kafin suna tana jawo mana aiki ba kaɗan ba. Cibiya ɗanyen ciwo ne, kuma jijiyoyin da ke cikinta suna shiga har cikin jikin yaro, ɗaya ma hanta take nufa. Duk abin da aka shafa mai datti, toka, gishiri, makilin, man kaɗe da aka lakato da yatsa, hanya ce aka buɗe wa ƙwayoyin cuta zuwa jini. Ta nan cutar sarƙe haƙora ke shiga, wadda yaro zai sandare ya kasa buɗe baki. Allurar da ake yi wa mai ciki a wajen awo, ta dantse, ita ce ke kare jariri daga wannan.

Abin da ake so a yi amfani da shi man Chlorhexidine ne, na cibiya, yana zuwa a ɗan ƙaramin bututu. A wanke hannu da sabulu, a shafa sau ɗaya a rana har kwana bakwai, a bar ta a buɗe, a naɗe bakin ƙunzugu ƙasa da ita. Za ta faɗi da kanta cikin mako ɗaya zuwa biyu. Gargaɗi ɗaya mai girma: kar ya kusanci ido. An samu jarirai da suka makance saboda an ɗauka maganin ido ne aka ɗiga musu.

Tunda a gida aka haife shi, Adda ki tambaya kafin a sallame ku a yi masa na haihuwa: BCG ta tarin fuka, ta ciwon hanta, da ɗigon shan inna. Sai kuma mako 6, 10 da 14, sannan wata 9 ta ƙyanda. Ki tambayi rukunin jinin ƙanwarki ma. In mai alamar ragi ne, wato nagetif, akwai allurar da ake so a yi mata cikin awa 72 bayan haihuwa saboda cikin gaba, ki faɗa wa likita yau ɗin nan.

Maman Ƴan Biyu, Bauchi:
Sista tunda kin zo, wanzami fa? Mu a gidanmu ranar suna da sassafe yake zuwa, ya yi aski ya cire beli. Surukata ta ce in ba a cire ba yaro zai riƙa amai da tari, ya ƙi ƙiba, wai har yana iya kumbura ya fashe ya kashe shi.

Sista Maman Amir, ungozoma a Azare:
Aski babu laifi in da sabuwar reza ce kuma an yi a hankali wajen maɗiga. Beli kuwa a bar shi inda Allah ya sa shi. Kowane mutum da shi aka halicce shi, yana taimakawa wajen haɗiya, ba ya fashewa. Jariri yana zuwa da ƙarancin bitamin K, wanda ke sa jini ya daskare, shi ya sa muke yi musu allurarsa da an haihu a asibiti. Wanda aka haifa a gida bai samu ba, sai kuma a sa ƙarfe a maƙogwaronsa. Na karɓi jariri da aka kawo bakinsa cike da gudan jini, jikinsa ya yi fari fat, yana haɗiye jinin ba a sani ba sai da ya yi baƙin kashi. Ga ciwon da ke hana shi tsotso kwana da kwanaki, ga ƙarfen da aka yi wa wani yaron aiki da shi.

Baban Sadiq, Bolari:
Ni abin da na yi, na biya wanzaminmu kuɗinsa cif har da na belin, na ba shi kason namansa, na ce aski kaɗai nake so. Bai ji haushi ba. Sana'arsa ce ta gado, in ka hana shi aiki ka kuma hana shi haƙƙinsa, shi zai koma ya zuga tsofaffin gida.

Hajiya Inna, Dukku:
To na ji na cibiya, na ji na beli. Amma wankan jego kam kar ku taɓa min shi. Macen da ba ta sha ruwan zafi da kunun kanwa ba, jikinta ba ya komawa daidai, sanyi ya shige ta kenan. Kwana arba'in ɗin nan su ne hutun da mace take samu a rayuwarta, a dafa mata, a yi mata wanki, a gasa mata nama.

Sista Maman Amir, ungozoma a Azare:
Inna, a kan hutun nan ina bayanki ɗari bisa ɗari. Matan birni da yawa yau suna haihuwa kwana uku su tashi su hau girki da wanki, babu mai taya su, har su fara kuka su kaɗai a ɗaki. Zaman arba'in da kulawar uwa ko goggo alheri ne, kar mu yar da shi. Naman da kunun gyaɗa da fura duk a ci gaba.

Inda nake roƙo a sassauta biyu ne. Zafin ruwan, a surka shi yadda mai wankan za ta iya tsoma gwiwar hannunta ta bar shi a ciki. Muna ganin masu jego da bayansu ya saɓule saboda an fyaɗa musu tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya, wasu jiri ya kwashe su a banɗaki. Wadda aka yi wa aiki ko ɗinki kuma sai abin da likita ya ce. Na biyu kanwa. Gishiri ne a cikinta mai yawa, yana tara ruwa a jiki. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a masu jego a ƙasar Hausa, suka zargi kanwa da zafin wanka. Binciken da aka yi daga baya bai tabbatar su ne tushen ciwon ba, amma wadda jininta ya hau a lokacin ciki ko ƙafarta ta kumbura, kanwa ba ta dace da ita ba ko kaɗan. Mai jegon da ke haki, ba ta iya kwanciya sai an tara mata matasai, tana tari da dare, ko kanta na sarawa idonta na ganin duhu, a kai ta asibiti, kar a ƙara wa ruwa wuta.

Hajiya Inna, Dukku:
Surkawa zan iya. Kanwar dai zan rage, ban ce zan daina ba.

Malama Ummu Hafsa, Tudun Wada:
Sista, a ƙara da maganar abin da ake fara ba jariri. Taɓa masa ɗan dabino mai laushi a ganɗa sunna ce, ɗan shafawa ne kawai. Amma wasu sun mai da shi ɗura, a jiƙa dabino a ruwa, a haɗa da zuma da rubutu, a hana shi nonon farko wai dakashi datti ne.

Maman Husna, ma'aikaciyar jinya:
Dakashin nan shi ne rigakafinsa na farko, kuma shi ke tura baƙin kashin farko ya fita, wanda ke rage shawara. A sa shi a nono cikin awa ɗaya da haihuwa, a ƙirjin uwa fata da fata, a jinkirta wanka zuwa washegari don kar sanyi ya kama shi. Zuma kuwa sai ya shekara, tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da hanjin jariri ba ya iya yaƙa. Ruwa ma ba ya buƙata har wata shida, ko a zafin Afrilu, domin kusan kashi 87 cikin ɗari na nono ruwa ne. Uwar ce za ta yawaita sha.

Ummu Yasir, Kumo:
Maganar Maman Nana ta tsaya min a rai. Ƴata ta yi shawara kaɗan da aka haife ta, ta tafi da kanta. Yanzu watanta bakwai ba ta zama ita kaɗai, sai na kewaye ta da matasai. Ɗan kishiyata da ta girme shi da sati biyu har ya fara jan ciki. Ana ta ce min laifina ne da ban zaunar da ita tun tana wata uku ba, wasu kuma su ce in saya mata keken koyon tafiya.

Maman Husna, ma'aikaciyar jinya:
Ƴar uwa, wata bakwai bai wuce lokaci ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi yara masu lafiya a ƙasashe biyar, har da Ghana, ta ga zama ba tare da tallafi ba yana zuwa tsakanin wata 4 zuwa 9, tafiya kuma daga wata 8 har kusan 18. Zaunar da yaro da wuri a cikin kwali ba ya sa bayansa ya yi ƙwari. Abin da ke taimakawa shi ne ki shimfiɗa tabarma ki kifa ta a kan cikinta tana farke kina kusa, ki ajiye abin wasa gabanta ta riƙa miƙa hannu. Barci dai a rigingine. Keken nan ki bar shi a kasuwa, ba ya koya tafiya, yara suna kifewa da shi a matakala ko su isa ga murhu, Kanada ma ta haramta sayar da shi tun 2004.

Abin da zan so in sani: wuyanta ya tsaya? Tana juyawa da kanta? In kin tafa hannu ta bayanta tana waiwayowa? Tana kama abu da hannu biyun duka? Jikinta ba ya sanƙarewa ko ya yi laƙwas in kin ɗaga ta? Kuma bakwaini ce ko cikin ya cika? In bakwaini ce, sai a cire makonnin da ta rage daga lissafi.

Ummu Yasir, Kumo:
Cikin ya cika. Wuya ya tsaya tun wata huɗu, tana juyawa, ko ƙofa aka buɗe sai ta waiga. Sai dai ba ta da jiki sosai, kunun gero zalla nake ba ta tun da ta cika wata shida.

Maman Husna, ma'aikaciyar jinya:
To wannan ya kwantar min da hankali. Kunun ne za ki gyara, ya yi kauri, ki sa masa garin gyaɗa ko na waken soya da ɗan mai, ki fara ba ta dafaffen ƙwai da kifi da aka cire wa ƙaya, da wake da aka dama, nono kuma ya ci gaba. Ranar awon yara ki je da katinta a ɗora ta a sikeli, ki ce a nuna miki inda take a kan layin, ki tambaya ko ta karɓi bitamin A na wata shida. In ta cika wata tara ba ta zauna ba, ki kai ta wajen likitan yara.